Baba, Mai Tashin Ciyawa daga Barci

Ranar da Allah ya karɓi ran Baba, manoman fadama ne suka riga dangi isowa. Da hantsi ya cika. Kafin a gama yi masa wanka ƙofar gidanmu ta cika da babura da kekuna, wasu mutanen da taɓo har gwiwa, don daga bakin injin ban ruwa suka taho. Wani tsohon masunci daga wajen Baturiya, wanda ban taɓa gani ba, ya roƙi a bar shi ya yi wa Inna gaisuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Ni ba ni da gona, amma duk ranar da na kawo kifi Haɗeja sai ya tsayar da ni ya tambaye ni inda ruwa ya kai. Kuma in ya yi tambaya tsayawa yake ya ji amsa."

Goggo, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Zama ta yi tana jan carbi tana kallon gwangwanayen da ke jere a gindin katanga, cike da ƙasa. Can sai ta ce, "To yanzu wa zai hana mu taɓa waɗannan?" Matan da suka san halinsa suka yi murmushi cikin hawaye.

Bayan an dawo daga maƙabarta ne wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida, Yaya ya fito. Yaya ɗan ƙanen Baba ne. Ubansa ya rasu yana ƙarami, Baba ya ɗauko shi ya riƙe, a ɗaki ɗaya suka taso da ƙannena maza, shi ne babba a cikinmu. Ina tsaye a soro ina karɓar kwanukan abinci na ji wani baƙo yana nuna shi yana ce wa na kusa da shi, "Ka ga wancan? Shi ne ya ƙirƙiro dabarar tashin ciyawar nan da ake ta faɗa a rediyo. Ashe marigayin ne ya riƙe shi. Allah sarki, tsoho ya mori ɗa."

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Wannan magana ce ta sa nake wannan rubutu. Ni malamar firamare ce, ban saba rubuta abin da ya wuce darasin yara ba, amma in na yi shiru haka zancen zai zauna.

Tun ina ƙarama na san Baba da abin da mutane suke kira hauka. In lokacin shukar shinkafar rani ya yi, kowa yana gaggawa, shi sai ya kunna inji ya shayar da gona babu ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Ba ya cika ta da ruwa, jiƙa ta kawai yake yi, ya bi da fartanya ya karce saman ƙasar sama-sama, ya koma gida. Bayan kwana goma gonar ta yi kore shar da sabe da aya-aya da shinkafar daji. Sai ya bi ya kankare su tun suna jarirai, ya bar ƙasa ta sha rana ta bushe, ya sake jiƙawa. Wata ciyawar ta sake fitowa, ya sake kashewa. Sai a lokacin yake shuka, maƙwabtansa sun ba shi ratar sati uku.

"Malam, man fetur ɗin ne ya yi maka yawa?" haka suke tsokanarsa daga kan kunya.

Shi kuma ya ce, "Ciyawa ba mutuwa ta yi ba, barci take. Ku kuna barinta ta farka tare da shinkafarku. Ni ina tashinta tun gonar ba kowa, mu gama rigimarmu."

In an zo girbi sai tsokana ta ƙare. Shinkafar daji ita ce babbar masifar fadamarmu, don tana ƙarama ba ka bambanta ta da ta gida, sai ta fi ta tsawo ta fitar da kai, kuma kafin ka sa lauje ta riga ta zubar da 'ya'yanta a ƙasa. A gonar Baba sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba.

Gwangwanayen nan na gindin katanga su ne makarantarsa. Duk inda ya je da ƙullin leda a aljihu, yana tsintar irin ciyawa. Wani ya shanya a kan kwanon rufi ya sha zafin bazara, wani ya rataye a madafa ya sha hayaƙi, wani ya jiƙa ya busar ya sake jiƙawa, wani ya goga shi a kan dutse ya karce ɓawon. Sannan ya shuka kowanne a gwangwaninsa, wani a sama, wani zurfin yatsa, wani zurfin tafin hannu. Kullum bayan sallar asuba sai ya tsuguna ya duba wanda ya tsiro. Daga nan ya gane cewa irin da ya zuba a bana ba ya tashi da ruwan farko sai ya sha rana sosai, ƙananan iri kuma sai sun ga haske, wanda garma ta binne can ƙasa kuwa yana iya shekaru yana jira.

Inna ta taɓa kwashe masa gwangwani huɗu ta zubar, tana neman wurin ɗaure akuya. Bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan turmi ya riƙe kai. Ta ce, "Malam, don ciyawa?" Ya ce, "Shekara biyu ke nan ina jiran na ƙarshen nan ya ba ni amsa." Tun daga ranar ko tsintsiya ba ta sake zuwa wurin ba.

Duk abin da ya gani yana rubutawa da ajami a wani littafi mai baƙin bango, don bai yi boko ba. Ya fara shi tun kafin a haife ni, in ya cika ya ɗinka masa wasu takardu da zare, har ya yi kauri kamar bulo.

Yaya ne kaɗai a cikinmu Baba ya buɗe wa littafin nan. Shi ya koya wa yadda ake murza ƙasa a hannu a san ko danshinta ya isa, shi ya tura makarantar koyon aikin gona. Ranar da zai tafi Baba ya raka shi tasha da kansa, yana riƙe masa jaka kamar shi ne yaron. Ya dawo yana ce wa Inna, "Wannan zai gano mana dalilin abin. Ni na san yana faruwa, ban san me ya sa ba." Da Yaya ya zo aikin kammala karatu ya nemi aron littafin, Baba ya naɗe shi a cikin ƙyalle ya miƙa masa da hannu biyu.

Bayan wasu shekaru Yaya ya samu aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa manoma. Ya zo ya ce za su yi gonar gwaji, kuma gonar Baba suka zaɓa. Murna a wurin Baba ba a magana. Duk aikin shi ya yi, su dai suna zuwa da mota su ɗauki hoto su koma. Da shinkafa ta nuna aka sa ranar taro. Baba ya sa babbar rigarsa ta sallah. Ni ma na nemi izini a makaranta na je, na tsaya cikin mata a gefe.

An kafa rumfa a bakin gonar, an jera kujeru ga baƙi. Baba ya nufi rumfar, wani ma'aikaci ya tare shi cikin ladabi ya nuna masa tabarmar manoma. Ya je ya zauna. Yaya ya riƙe lasifika ya yi bayanin yadda ake karya barcin irin ciyawa, rabi Hausa rabi Turanci, yana cewa bincikensa ne na shekaru. Kalmomin Baba ne nake ji suna fitowa daga bakinsa, har da "tun gonar ba kowa". Da ya kusa gamawa sai ya nuna tabarma ya ce, "Wannan dattijo yana cikin manoman farko da suka karɓi fasahar nan daga hannunmu. Da farko ya yi gardama, amma yau ga sakamako."

Aka yi tafi. Aka kira Baba aka ba shi hula da riga masu tambarin ƙungiyar. Ya karɓa, ya ce ya gode.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ka ji abin da ya ce kuwa? Ko babana bai kira ka ba."

Ya ce, "Na ji. A gaban manyansa yake, bar shi ya ci abinci."

Amma da muka isa gida bai ci nasa abincin ba. Ya tuɓe babbar rigar ya ninke, ya daɗe zaune a soro shi kaɗai.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Kafin shuka ta gaba ƙungiyar ta buga takarda mai hotuna aka raba a ƙauyukan fadama har zuwa kasuwar Kafin Hausa, ga hoton Yaya a baya. Baba ya kawo mini ɗaya ya ce in karanta masa. Takardar ta ce a jiƙa gona sau ɗaya, a jira sati guda, a fesa magani, sannan tarakta ta shiga ta yi huɗa a shuka.

Ya ce, "Tsaya. Sake karanta mini wurin taraktan."

Na sake karantawa. Ya miƙe tsaye. "Innalillahi. Sau ɗaya ba ya isa. Kuma in ka kashe na sama ka juya ƙasa, ai ka ɗebo na ƙasa ne ka kawo su ga haske. Wannan shuka ciyawa ce. Kira mini shi."

Na kira, na sa a lasifikar waya. Yaya ya ce, "Baba, masana sun duba, an ɗan gyara ne don a rage lokaci. Manoma ba za su iya jiran sati uku ba."

Baba ya ce, "Yana cikin littafin, ka duba wajen tsakiya. Na gwada wannan tun kana goye, sai da na yi shekara huɗu ina gyaran gonar."

"To Baba, zan duba. Ina cikin taro yanzu."

Baba ya je wurin Bulama, ya bi majalisu yana gargaɗi. Kaɗan ne suka ji. Tarakta kyauta ce, takarda kuma daga masu ilimi ta fito. Har wani ya ce masa, "Malam, ko kishin ɗanka kake?"

A shekarar, shinkafar daji ta cinye gonaki da yawa a yankinmu. In ka tsaya a kan hanya sai ka ga kawunanta suna kaɗawa sama da shinkafar gida. Wanda ya girbe ya samu rabin abin da ya saba, kuma cike da jajayen ƙwayoyi da 'yan kasuwa suke rainawa. Mafi muni, ta riga ta zubar da irin wasu shekaru a ƙasa. Manoma suka tayar da hankali, aka kira taro a ƙofar gidan Bulama, Yaya ya zo da manyansa. Ƙanena yana wurin, shi ya kawo mana labari. Ya ce da aka matsa, sai Yaya ya ce, "Gaskiya asalin dabarar ta gargajiya ce. A wurin wani dattijo a nan muka samo ta, muka ɗauka a kan amana. Za mu sake nazari."

Babu wanda ya tambayi ko wane dattijo ne, kowa ya san wanda ake nufi. Baba yana zaune a cikin taron.

Sati bai zagayo ba aka toshe magudanar da take kai ruwa gonarsa. A masallaci wasu suka daina miƙa masa hannu. Maƙwabcinsa na gona, mutumin da suka fi shekara talatin suna kunya ɗaya, ya zo ƙofar gidanmu da la'asar ya ɗaga murya, "Malam, kai ka cuce mu! Da me zan ciyar da iyalina?" Baba ya fito ya tsaya yana saurare har ya gama, ya ce, "Ka yi haƙuri. In lokacin jiƙa ya yi zan zo."

Ranar ce muka yi rigimar da ban taɓa yin irinta da Baba ba. Na ce zan je wurin Bulama, zan je gidan rediyon ma, in faɗi wanda ya ƙirƙiro da wanda ya lalata. Akwai shaidu, ni na karanta takardar, ni na kira wayar.

Ya ce, "Ba za ki je ba."

"Baba, an yaba masa da aikinka, an zage ka da kuskurensa. Me ya rage?"

"In kika faɗa korarsa za su yi. Yana da mata da 'ya'ya uku. Ni na sa ubansa a kabari da hannuna, na ce masa ya kwanta, yaron nawa ne. In kin je, kar ki sake zuwa gaishe ni."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce, "Da ni ka koya wa, da ba a yi maka haka ba. Amma ni mace ce, shi ka zaɓa. Ga shi nan ka gani."

Kallona kawai ya yi, ya juya ya shiga ɗaki. Na koma gidan mijina, sati uku ban taka gidan ba. Ba Yaya kaɗai nake jin haushi ba. Gani nake Baba ma ya juya mini baya, ya fifita wanda ya sayar da shi a kan ni da nake son tsaya masa. Inna ce ta aiko mini cewa in ban zo ba ita za ta zo ta ɗauke ni da kanta. Da na je na durƙusa, sai ya ce, "Tashi, ba ki yi ƙarya ba." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Da lokacin jiƙa ya yi, ya cika alkawari. Gonar maƙwabcin nan ya fara zuwa, da injinsa a bayan babur ɗin ƙanena. Mutumin ya ƙi ko kallonsa. Baba ya kunna inji ya jiƙa, ya dawo bayan kwana goma da fartanya. A zuwa na uku ne maƙwabcin ya karɓi fartanyar daga hannunsa ya ce, "Zauna a inuwa, Malam, ka faɗa mini kawai." Daga nan Baba ya bi gona gona, yana dogara sanda don gwiwoyinsa sun fara ƙi. Yana tsugunawa ya tona ƙasa da yatsa ya nuna wa mai gona irin da ya kumbura da wanda bai motsa ba, ya ce, "Wannan bai ji kira ba tukuna, ka busar ka sake." Rani uku ya yi yana wannan yawo. Ko sau ɗaya ba a ji ya ambaci sunan Yaya da mugun abu ba. Na kusa sun gane gaskiya da kansu. Na nesa kuwa abin da rediyo ta faɗa shi suka riƙe.

A rani na ukun ne ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi. Kullum in ya ji ƙarar mota sai ya tambaya, "Yayanku ne?" Mun kira shi sau da yawa, ya ce yana wani taro a Kano, yana nan tafe. Ana gobe zai rasu, da rana tsaka ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya ce, "In ya zo bai same ni ba, ki ce na yafe masa. Ki ce ya gyara takardar nan. Ba sai ya sa sunana ba, ya cire taraktan kawai, har yanzu akwai masu bi."

Ranar sadakar uku na aika aka kira mini Yaya soro. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa, kuma na yarda na gaske ne.

Ya ce, "Takardar ba ta hannuna yanzu. Wancan aikin ya ƙare, an rufe shi."

"To littafin Baba fa? Ka dawo mana da shi."

Ya ce, "Na neme shi. Ina jin lokacin da muka tashi daga tsohon ofis ne ya shiga cikin takardun da aka zubar."

Aikin shekara fiye da arba'in ke nan, kowace asuba. Na ce, "Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ga mutane can a waje a zaune, manoma ne, ga Bulama. Ka fita ka ce musu Baba ne ya koya maka, kuma ya hana ka sa tarakta. Magana biyu ce. Yanzu ba mai korarka, ka riga ka wuce wurin."

Ya share fuska ya ce, "Yau mutane sun yi yawa, ba tsari. Bari ranar bakwai, zan shirya in yi magana yadda ta dace."

Ranar bakwai ya aiko direba da buhun shinkafa da jarkar mai, da saƙon cewa tafiya ta kama shi. Inna ta ce a dafa, sadaka ce, ladan na mamaci ne. Muka dafa, aka fitar da tire-tire, mutane suka ci suka yi addu'a. Ni ban iya kai loma ɗaya bakina ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da kaushin hannu da farar zuciya. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka ba shi ladan kowane buhu da aka ɗauka daga gonar da ya gyara. Shi ya yafe, kuma na isar da saƙonsa. Ni kuwa ka san abin da ke raina, ban kai nan ba tukuna. Ka kai ni.